Tambayoyin da ke zuwa da dare: hisabi ne ko waswasi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan gwari a Farin Gada a nan Jos, shekarata 36, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Tun rasuwar mahaifina bara, idan na kwanta da dare sai tambayoyi su yi ta zo mini. Shin rayuwar da nake yi ni na zaɓe ta, ko kuwa tarar da ita na yi? Ina yi wa yaran da ke aiki a ƙarƙashina adalci kuwa? Me ya sa nake jin ƙin mutanen wasu unguwanni alhali ban taɓa zama da su ba? Abokaina sun ce yawan tunani hawan jini yake kawowa, wani kuma ya ce mini waswasin shaiɗan ne, irinsa ne falsafar da ke raba mutum da imaninsa. Akwai amfani a irin wannan tunanin, ko in yi ƙoƙarin kawar da shi?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Baba, ya yi masa rahama, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Ɗan'uwa, idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko wannan tunanin alheri ne ko cuta, sannan idan alheri ne, ta yaya za ka riƙe shi ba tare da ya hana ka barci ko ya taɓa imaninka ba. Aikina koyar da falsafa ne a wata babbar makaranta a garin nan, kuma na daɗe ina zama da ɗalibai da magidanta masu zuwa neman shawara, saboda haka tambayar ba baƙuwa ba ce a wurina. Tambayoyin nan uku da ka lissafa suna daga cikin mafi kyawun abin da mai hankali zai tambayi kansa, kuma ban ga dalilin da zai sa ka kore su ba. Abin da ke buƙatar gyara shi ne lokacin da kake yin su da yadda kake yin su, domin tambayar da ake juyawa a kan katifa da ƙarfe biyun dare ba ta cika haifar da komai ba sai gajiya.

Ba kai ka fara ba

Mutum ya tsaya ya binciki kansa umarni ne a addininmu. A Suratul Hashri, aya ta 18, Allah ya ce kowace rai ta dubi abin da ta gabatar domin gobe, kuma a farkon Suratul Ƙiyama ya yi rantsuwa da rai mai yawan zargin kanta. Daga Sayyidina Umar aka ruwaito maganar nan da ake yawan ji a huɗuba, cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku hisabi. Malamai ba su bar abin a matsayin wa'azi kawai ba, sun mayar da shi ilimi mai tsari. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 857, ya yi dogon rubutu a kan yadda riya da jiji da kai ke ɓuya a cikin aikin ibada har mai aikin bai sani ba.

Wanda ya fi dacewa da kai shi ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, domin a babin lura da kai da hisabi na littafinsa Ihya'u Ulumiddin da misalin ɗan kasuwa ya yi bayani. Ya ce yadda mai dukiya yake gindaya wa abokin cinikinsa sharaɗi da safe, ya sa masa ido da rana, ya zauna da shi su yi lissafi da yamma, haka hankali ya kamata ya yi da zuciya. Farillai su ne uwar kuɗi, nafila da ayyukan alheri riba, saɓo kuma asara. Ka san wannan fiye da ni. Babu ranar da za ka tashi daga rumfa ba ka san kwando nawa na tumatir ya shigo ba, nawa ya fita, nawa ya ruɓe, wa ya biya, wa ya ɗauka bashi. Ka kuma lura cewa wannan lissafin yana da lokacinsa, yana da abin da ake ƙirgawa, kuma yana ƙarewa, ka rufe littafi ka tafi gida, gobe ka sayo kaya gwargwadon abin da lissafin ya nuna maka. Waɗannan siffofi uku, wato lokaci da takamaiman abu da hukuncin da ake aiki da shi, su ne ma'aunin da zan so ka riƙa auna tunaninka da su.

A ƙasarmu ma akwai misali mai nauyi. Wajen shekarar 1807, ana tsaka da samun nasara a jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya dubi jama'arsu ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan wasu, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya, ya zauna yana koyar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya koma. Abin da ya fi burge ni a wannan labari shi ne cewa ɓangarensa ya bincika, a lokacin da ya fi sauƙi mutum ya ce ai mu ne masu gaskiya, tunda ga nasara muna gani.

Maƙwabtanmu Kirista su ma suna da wannan al'ada. A Katolika akwai binciken zuciya na kowace rana wanda Ignatius na Loyola ya tsara a ƙarni na 16. Tun kafin nan, a birnin Atina na ƙasar Girka, Socrates, wanda littattafan Larabci ke kira Suƙraɗ, ya faɗa a gaban kotun da ta yanke masa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa cewa rayuwar da ba a bincika ba ba ta cancanci ɗan Adam ya yi ta ba.

Maganar falsafa da imani

Wanda ya gargaɗe ka ba shi da mugun nufi, kuma akwai tushe a tsoronsa, amma ya haɗa abubuwa biyu da malamai suka raba. Imam Gazali ne ya fi kowa shahara wajen sukar masu falsafa, ya ƙalubalance su a mas'aloli ashirin, ya kafirta su a guda uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Amma shi ɗin ne ya ce lissafi da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, ba su da abin da ya saɓa wa addini, ya kuma yi kashedi da jahilin masoyin Musulunci wanda ke ƙaryata ilimin da hujja ta tabbatar yana zaton taimakon addini yake yi. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare ilimin manɗiƙi a baitocin da ya aika wa Imam Suyuɗi na Masar, wanda shi yake ganin haramcinsa. Ke nan saɓanin tsoho ne, kuma manyan malamai suna ɓangarorin biyu.

Game da waswasi kuwa, hadisi ya fayyace irinsa. Akwai tambayar da ke jan mutum daga wa ya halicci kaza zuwa wa ya halicci Allah, wadda Manzon Allah (SAW) ya ce idan ta zo a nemi tsari a tsaya. Akwai kuma sahabban da suka kai kukan cewa suna jin abubuwa a ransu da suke ganin girman furta su, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Ka dubi tambayoyinka uku da kyau. Babu wadda ta shafi zatin Ubangiji. Ɗaya a kan haƙƙin ma'aikata ce, ɗaya a kan ƙiyayya ba dalili, ɗaya a kan yadda kake tafiyar da shekarunka, kuma dukkansu abubuwa ne da za a tambaye ka a kansu. Yana da wuya in yarda cewa shaiɗan ne ke tashin ɗan kasuwa da dare domin ya tuna masa haƙƙin yaran shagonsa.

Falsafar da nake koyarwa, idan aka sauke ta daga allo aka kawo ta kasuwa, tambayoyi ne kaɗan da ake maimaitawa da haƙuri. Me nake nufi da abin da na faɗa? Ta yaya na san haka ne? Idan aka juya, ni ne a matsayinsa, zan yarda da wannan hukuncin? Mene ne zai biyo baya idan kowa ya yi yadda na yi?

Inda tunani ke zama cuta

Abokanka ma ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Akwai tunanin da Bahaushe ke kira saƙa da warwara, kuma masana halayyar ɗan Adam sun yi bincike mai yawa a kansa. Susan Nolen-Hoeksema, wata malamar jami'a a Amurka, ta shafe shekaru tun daga wajen 1990 tana nuna cewa mutanen da ke amsa baƙin ciki da juya shi a zuci, suna ta tambayar me ya sa ni, me ke damuna, sun fi daɗewa cikin ciwon damuwa fiye da waɗanda ke tashi su yi wani abu. Wasu masu binciken da suka biyo baya sun nuna cewa siffar tambayar tana da tasiri. Tambaya mai faɗi irin "wane irin mutum ne ni" tana jan mutum ƙasa, ita kuwa ƙuntatacciya irin "me na faɗa wa yaron nan ɗazu, kuma me ya kamata in faɗa" tana kai shi ga mafita. Likitoci kuma sun yarda cewa rashin barci da damuwa mai ɗorewa suna da hannu a hawan jini.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce ka ɗauke tunanin daga kan katifa. Ka ware masa kamar minti goma sha biyar, bayan sallar isha'i ko bayan asuba kafin motocin kaya su iso, a zaune, da biro da ƙaramin littafi, ko da ajami za ka rubuta. Rubutu yana tilasta wa tunani ya tsaya wuri ɗaya, kuma abin da ka rubuta jiya ba sai ka sake saƙa shi yau ba. Ka ɗauki abu ɗaya da ya faru a yinin, ka rubuta abin da ka yi, da abin da ka so a ce ka yi, da abu ɗaya da za ka aikata gobe. Idan tambaya ta zo cikin dare, ka gaya wa kanka cewa tana da lokacinta, ka yi addu'ar barci. Kada kuma lissafin ya zama na asara kaɗai, ka rubuta abin da ka yi daidai ka gode wa Allah a kansa, domin mutumin da ba ya ganin komai a kansa sai laifi yakan gaji ya watsar da hisabin baki ɗaya.

Ba duk abin da zuciya ta faɗa maka game da kai ne gaskiya ba

Nan ne wurin da masu kwaɗaitar da binciken kai suka fi yin sakaci. Muna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a sha'anin dalilan ayyukanmu ba kullum haka abin yake ba. A 1977 wasu masana biyu a Jami'ar Michigan, Richard Nisbett da Timothy Wilson, sun ba da rahoton wani gwaji da suka jera safa ƙafa huɗu iri ɗaya sak a kan tebur, suka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi kyau. Mutane suka fi zaɓar ta ƙarshe a hannun dama, har kusan ninki huɗu a kan ta farko a hagu. Da aka tambaye su dalili sai suka yi ta yabon laushinta da saƙarta, kuma da aka ce ko wurin da aka ajiye ta ne ya ja su, kusan dukkansu suka musanta. Ba ƙarya suke yi ba, zuciya ce ta ƙera musu dalili suka gaskata. Idan haka ta faru a kan safa, ina ga lokacin da mutum ke bayyana wa kansa dalilin da ya sa ya rage wa yaro kuɗi ko ya ƙi gaida maƙwabci? Abin da al-Muhasibi ya yi ta gargaɗi a kai ke nan tun fiye da shekara dubu.

Maganin wannan shi ne kada hisabinka ya tsaya a cikin kanka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka kana buƙatar wanda ke tsaye a gefe yana ganin tudun da kake kai. Ka sami mutum ɗaya ko biyu masu tsoron Allah waɗanda ba sa cin abinci a hannunka, ka tambaye su takamaiman abu, ka yi shiru har su gama. Uwargidanka ma ta san abubuwa game da fushinka da kyautarka waɗanda kai ba ka sani ba, idan ta tabbata faɗin su ba zai jawo mata ɓacin rai ba.

Tambayoyinka uku

Ka fara da ta yaran shago, domin ita ce amsarta ke hannunka. Wani magidanci mai shagon hatsi ya taɓa zuwa wurina yana kukan cewa yaronsa ya canza, ya daina fara'a, har yana zargin ya fara taɓa kuɗi. Na tambaye shi ko yana yi wa yaron adalci, ya ce ƙwarai, domin bai taɓa fashin biyan abin da suka yi yarjejeniya ba. Na ce yaushe aka yi yarjejeniyar? Ya ce tun kafin cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Na ce kuɗin keken da yaron ke biya daga gida zuwa kasuwa yana nan yadda yake a lokacin? Ya yi shiru. Na ce da ɗanka ne yake yi wa wani aiki a kan wannan kuɗin yau, za ka ce an yi masa adalci? Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa kafin ya ce shi bai taɓa kallon abin ta nan ba. Ban gaya masa nawa zai biya ba, kuma ban ce yaron ba shi da laifi ba, domin idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Abin da ya faru shi ne ma'anar adalci da yake riƙe da ita, wato cika alkawari, ta gamu da wata ma'anar da shi ma ya yarda da ita, wato kada ka so wa wani abin da ba ka so wa naka, sai ya ga dole ya sake lissafi. Kai ma ka rubuta abin da kowane yaro ke samu, da awoyin da yake yi, da abin da kuɗin ke iya saya a yau, sannan ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya a keɓe.

Tambayarka ta ƙin mutanen wasu unguwanni ita ce ta fi taɓa ni, kuma ina ganin jarumta ce ka furta ta. Kana yaro aka yi rikicin 7 ga Satumba 2001, ka ga na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010, ka girma a garin da ya rabu, kowa ya koma inda nasa suke, har akwai unguwannin da mutum zai shekara bai taka ba. An kashe mutane, an ƙona gidaje da wuraren ibada a kowane ɓangare, kuma ba zan ce wa wanda ya rasa ɗan'uwa tsoronsa ba shi da tushe ba. Amma tsoro daban, hukunci a kan jama'a guda daban. A aji nakan sa ɗalibaina, Musulmi da Kirista, su raba takarda gida biyu, su rubuta a gefe ɗaya abin da suka gani da idonsu game da ɗaya ɓangaren, a ɗaya gefen kuma abin da aka faɗa musu. Kusan kullum gefen "an ce" ne ke cika har ya juya baya, gefen "na gani" kuwa layi kaɗan ne, kuma sau da yawa a cikin layukan nan akwai malamar asibitin da ta kula da mahaifiyar mutum ko maƙwabcin da ya ɓoye su a ɗakinsa ranar gudu. Kai da ke Farin Gada kana da abin rubutawa da yawa, domin manoman da ke kawo maka kabeji da karas da dankalin turawa, waɗanda kuke ba juna bashi a kan amana, da yawansu daga cikin mutanen da kake jin kana ƙi suke. Ka tambayi kanka yadda aka yi ka amince wa ɗaiɗaikunsu da dukiyarka amma kake ƙin su a dunƙule. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya sa a bar adalci, aya ta 6 a Hujurat ta ce a tantance labari kafin a yi aiki da shi, kuma a zamanin da saƙon WhatsApp ɗaya ke iya rufe kasuwa kafin azahar, wanda ya saba tambayar "ta yaya na san haka ne" kafin ya tura, yana iya zama sanadin tsirar ran da bai ma sani ba.

Ta farkon, wato ko kai ka zaɓi rayuwarka, ita ce ba zan so ka gaggauta ba. Rasuwar uba takan tayar da ita, domin wanda ya ɗora ka a kan hanya ya tafi, kai ne yanzu babba. Babu wanda ya zaɓi iyayensa ko garinsa ko harshensa, kuma yawancinmu sana'ar da muka tarar muka kama. Abin da ke hannunka shi ne ka duba gadon nan ɗaya bayan ɗaya, ka ga wanda za ka riƙe da saninka da yardarka, da wanda za ka gyara, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina ba ka shawara kada ka yanke babban hukunci, kamar barin sana'a ko ƙaura, alhali zafin rashin bai huce ba.

Akwai iyakar abin da zan iya yi maka daga nesa. Ni ba likita ba ne, ba kuma mai ba da fatawa ba, don haka abin da ya shafi hukuncin shari'a a kan ladan ma'aikata ka kai shi ga malamin fiƙihu da ka amince da shi. Hisabi kuma ba ya sauke farashin kaya, kada ka ɗora wa kanka laifin abin da tsadar rayuwa ta jawo. Idan ka ga ka yi mako biyu ko fiye kana cikin ƙunci kusan kullum, abinci ya fita ranka, barci ya ƙaurace, kasuwar da kake so ta daina ba ka sha'awa, ko kuma tunanin gara mutuwa ya fara zo maka, to wannan ya wuce abin da littafi da biro za su magance. Ka je asibiti a auna jininka, ka gaya wa likita duk abin da kake ji ba tare da kunya ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ka tafi da wani ɗan'uwa da zai zauna tare da kai.